Ƙaryar Abdulwasi'u a Dutsen Suda

Abdulwasi'u ya yi ƙarya, ƙaryarsa kuma ta kashe dattijo. Bai tura shi rami ba, bai ɗaga masa hannu ba, shi ya sa har yau akwai masu cewa ƙaddara ce kawai. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta wanke maƙaryaci. Ya kwashi mutane daga Makka ya kai su kan dutse, ɗayansu ya ɓace, ya rantse ya kira masu ceto alhali bai kira kowa ba.

Dattijon shi ne Baba Tsoho, mahaifin Asiya mai sayar da waina a unguwar Mansur. Asiya ta haura arba'in, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure, ita da mahaifinta kaɗai suka rage a ɗakuna biyu a saman wani shagon ɗinki. Baba ya yi ƙarfinsa yana tura keken marasa lafiya a Harami. Da gwiwa ta fara gardama sai ya koma zaman bakin ƙofa, yana amsa gaisuwa, yana yi wa yaran layi faɗa da Hausar da rabinsu ba sa ji.

Shi kuwa Abdulwasi'u, iƙamarsa, wato katin zamansa a ƙasar, cewa ta yi direban gidan wani Balarabe ne. Amma duk hutun makaranta sai ya yi hayar ƙaramar bas a tashar Kudai ya cika ta da 'yan unguwa, ya kai su yawon duwatsu. Rihla suke ce wa abin. Ya kai mutane Hada, ya kai su Shafa, a wannan bazarar kuma ya ce sai Suda, can gandun dajin Asir kusa da Abha, inda ake tafiya a ƙasa cikin itatuwa gajimare yana shafar mutum a fuska. Ba shi da izinin wannan sana'a. Shekarar kuma an tsananta kama duk wanda aka samu yana aikin da ba shi ne a katinsa ba. Kowa ya san haka, ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci.

Da Baba ya ce zai je, Asiya tana zuba ƙullu a tanda. Ba ta ko ɗago ba.

"Da wace ƙafar, Baba?"

"Da wadda ta kawo ni. Uwata, ƙafar nan ta tako daga Abeshe har bakin Bahar Maliya tun ba a san za a yi ki ba." Uwata yake ce mata, domin sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Kana yaro a lokacin. Kuma rabin hanyar a kan jaki ka yi, kai da bakinka ka gaya mini."

"Jakin nan ya fi ni gajiya. Ni nake lallaɓa shi."

Ta yi dariya ba ta so ba. Shi bai yi ba. Ya ce a wancan tafiyar, a ƙasar Darfur, ayarinsu ya yada zango a gindin wani dutse mai ciyawa da ruwa mai gudu, mahaifiyarsa ta wanke masa kai da ruwan, sanyinsa ya sa shi kuka. Tun da ya shigo Makka bai sake taka ɗanyar ciyawa ba. Ya ce ba ya roƙon komai a garin nan, Allah ya ba shi maƙwabtakar Ɗakinsa, amma yana so ya taka ciyawa sau ɗaya kafin a kai shi inda za a kai shi.

Asiya ta juya wainar da ta fara ƙonewa. Washegari ta je ta sami Abdulwasi'u ta ce su biyu ne, ta kuma ce masa, "Amana na ba ka, Malam Abdu. Ba ya faɗin ya gaji ko zai faɗi ƙasa."

"A kaina da idona, Hajiya. Baba ai ubana ne."

Ta tambaye shi sanyin wurin. Ya ce kamar a ce an kunna mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, sanyi mai daɗi. Mutanen Makka ba su san wani sanyi ba sai na wannan na'urar, wanda idan ya dame ka sai ka tashi ka kashe. Saboda haka maza suka zo da farar jallabiya da silifa, mata da abaya mara nauyi. Asiya ta saka wa Baba mayafin kafaɗa guda ɗaya a jaka, tana ganin ma ta yi wayo.

Kafin bas ta tashi daga Kudai, wani magini mai suna Mika'ilu, mutumin Maraɗi, ya ce a bi sunna, a naɗa shugaban tafiya, wato Amir. Aka naɗa Abdulwasi'u, tunda shi ya san hanya. Aka yi addu'a, kowa ya yarda abin da Amir ya ce shi za a yi. Shatu, maƙwabciyar Asiya mai bakin tsiya, ta leƙo daga kujerar baya.

"Amir, umarni na farko: a rage wa'azin nan na kaset, a ba mu gyaɗa."

"Umarni na farko, Shatu ta yi shiru har Abha."

"To ka sauka daga mulki tun yanzu, ya fi maka sauƙi."

Sun kwana a wani gidan haya a gefen Abha. Da safe bas ta hau da su, ta bar kwalta, ta gangara wani ɗan kwari ta tsaya inda hanyar ƙafa ta fara. Asiya ta sauko ta tsaya sororo. A Makka aka haife ta, dutsen da ta sani baƙi ne, tsirara, mai hucin zafi. Wannan kuwa kore ne har ƙarshen gani. Itatuwan ar'ar masu murɗaɗɗen jiki sun rufe gangare, wani farin gansakuka yana reto a rassansu kamar gemu. Gonaki ƙanana sun hau jikin dutsen bene-bene, kowace da katangar duwatsu. Birai sun zauna a kan wani fa suna kallon jakar abinci.

Baba ya cire silifansa ya riƙe a hannu. Ya taka ciyawar, ya tsaya, ya sake takawa. Asiya ta kau da kai don kada ya ga ta gani.

Suka kama tafiya yadda suka saba ko'ina: maza a gaba, mata a baya, da tazara mai yawa a tsakani, yadda mata za su ɗage niƙabi su sha iska su yi dariyarsu ba kunya. Baba kaɗai ne ba shi da ɓangare. Ya girmi kowa, kowace mace a wurin 'yarsa ce, sai ya ɗan bi maza, in sun yi masa sauri ya jira mata, in surutunsu ya ishe shi ya ƙara gaba. Yana ta nuna musu abubuwa. Wannan ganyen in an murza yana ƙamshin ɗoɗɗoya. Wancan bututun itacen da aka jera amya ce ta zuma. Ya tsinko wani ɗan fure ya soka wa Shatu a bakin mayafi.

"Baba, in mijina ya gani fa?"

"Ki ce masa wani saurayi ne a kan dutse. Ya zo mu daidaita."

Bayan sun yi azahar da la'asar a haɗe, sun ci dambun nama da gurasa, Baba ya miƙe ya ce zai bi maza. Asiya ta ce ya tsaya ya ɗauki mayafinsa. Ya ɗauka don ta ƙyale shi, ya rataya a kafaɗa. Wayarsa tana cikin jakarta kamar kullum, domin ya ce tana ja masa aljihu. Ta bi bayansa da kallo har ya sha kwana a bayan wata katanga.

Ga abin da ya faru a gaba, wanda Asiya ba ta sani ba sai daga baya. Baba ya cim ma Abdulwasi'u a wata mararraba yana haki, sauran maza sun riga sun yi gaba. Abdulwasi'u ya zaunar da shi a gindin itace ya ce ya huta, mata suna tafe, su taho tare. Jim kaɗan ya hangi gajimare yana tasowa daga ƙasan kwari, baƙi ƙirin. Ya aika wa maza su bi ta gefen gonaki su koma bas, shi kuma ya yanke ta wata 'yar hanya ya tari mata kafin su iso mararrabar.

"Yalla, maza-maza, ku juya. Ruwa na zuwa. Ku bi nan, ya fi kusa."

"Ina Baba?" in ji Asiya.

"Yana tare da maza."

Ya faɗa ne don kada ta tsaya gardama, da niyyar in ya sauke mata ya koma ya ɗauko shi. Wannan ita ce ƙarya ta farko, kuma da a nan ya tsaya, da an ce ganganci ne.

Gajimaren ya riske su kafin su kai. Asiya ba ta taɓa ganin abu irin wannan ba. Ya shigo tsakanin itatuwa kamar hayaƙi mai jiƙa, ya haɗiye Shatu da ke gabanta har sai da ta kama gefen abayarta. Sannan ƙanƙara ta sauko, tana dukan kai da yatsun ƙafa. Suka isa bas suna rawar ɗari. Maza suka iso bayansu, jallabiya ta manne a jiki. Asiya ta tsaya a bakin ƙofa tana duba fuskoki har na ƙarshe ya shigo.

"Malam Mika'ilu, ina Baba?"

"Ba yana wajenku ba?"

"Wajenku ya taho tun bayan salla."

"Hajiya, mu ba mu gan shi ba. Mun ɗauka yana tare da ke."

Ta juya ta dubi Abdulwasi'u. Ya ce kada hankalin kowa ya tashi, ya san inda yake. Ya ɗauki Mika'ilu da wasu maza suka koma. A gindin itacen babu kowa. Dattijo ya jira matan da ba su zo ba, ƙanƙara ta sauko, ya tashi neman mafaka ko neman 'yarsa, Allah ne ya sani. Suka yi ta kira. A cikin wannan farin duhu murya ba ta zuwa ko'ina, mutum ba ya ganin ƙafarsa, ga ramuka a kowane gefe. Suka dawo gab da magariba hannu rabbana.

Asiya ta riga ta gwada wayarta har ta gaji. A cikin kwarin nan babu sabis ko ɗigo. Ta ce za ta hau kan kwalta ta kira masu ceto. Abdulwasi'u ya tare ta.

"Ke da ba ki san hanya ba? A nemi mutum ɗaya ko biyu? Zauna, ni zan je."

Ya tafi ya jima. Ya hau har kan kwalta, sabis ya shigo, ya riƙe wayar a hannu. Ya san abin da zai biyo baya in motar hukuma ta zo: wane ne ya kawo mutanen nan, ina izininsa, me katinsa ya ce. Ya gaya wa kansa tsohon nan ya saba wahala, ya sami wani kogo ya fake, da gari ya waye za a gan shi yana tafe yana faɗa. Ya mayar da wayar aljihu ya gangaro.

"Na kira su. Sun ce suna hanya, gajimare ne ya tsare su. Sun ce kada kowa ya motsa daga nan."

"Ka gaya musu tsoho ne? Ka ce ba shi da rigar sanyi?"

"Duk na faɗa."

"Malam Abdu, ka rantse."

"Wallahi na kira, Hajiya."

Ta yarda. Ba ta taɓa tunanin mutumin da ke sahun gaba a masallacin layinsu zai ambaci sunan Allah a kan ƙarya ba, ran mutum yana waje.

Mika'ilu ya ce da rana ya hangi wasu gidajen dutse a ƙasan gonakin, zai lallaɓa ya je, mutanen wurin sun san kowane lungu, suna da fitilu da karnuka. Abdulwasi'u ya ce a'a. Mika'ilu ya nace.

"Wa kuka naɗa Amir a Kudai?" in ji Abdulwasi'u. "Ba kai ka kawo maganar ba? Na ce a zauna."

Mika'ilu ya zauna. Mutum ne mai tsoron saɓa alkawari, kuma da wannan tsoron nasa aka ɗaure shi. Ba don wannan aka sa biyayya ga shugaban tafiya ba. An sa ta don a tsare mai rauni, shi kuwa ya tsare kansa da ita.

Haka suka kwana a cikin bas, an kunna inji don ɗumi. Asiya ba ta runtsa ba, idonta a kan gangaren da fitilar mota za ta ɓullo.

Da asuba Mika'ilu ya yi salla ya fita bai nemi izinin kowa ba. Ya sami wani dattijon ƙauye mai kiwon zuma yana buɗe wa awaki ƙofa. Mutumin ya saurare shi, ya ɗauko waya nan take, ya kuma tashi 'ya'yansa. Rana ba ta gama fitowa ba motocin ceto suka gangaro kwarin. Babban masu ceton ya tambayi tun yaushe mutumin ya ɓace. Da aka gaya masa, ya dubi jama'ar ɗaya bayan ɗaya.

"Tun jiya? Me ya hana ku kira?"

"An kira," in ji Asiya da Larabci. "Da magariba. Kun ce gajimare ya tsare ku."

"Ya ukhti, 'yar'uwa, ba wanda ya kira mu. Cikin gajimare muke aiki kullum, aikinmu ke nan. Wa ya ce miki ya kira?"

Ba ta ko nuna shi ba. Mutanen bas ne suka juya gaba ɗaya, suka dubi inda Abdulwasi'u yake tsaye yana kallon ƙasa.

'Ya'yan mai zuman ne suka gan shi. Bai yi nisa ba. Yana ƙasan mararrabar, a jikin katangar wata gona, inda ya raɓe don iska. Da mutum ya tsaya a gidajen nan ya ɗaga fitila, da ya hango farar jallabiyarsa. Yana zaune ya haɗa gwiwa da ƙirji, ya lulluɓa kai da mayafin, silifa ɗaya babu. Likitan da ya duba shi ya ce sanyi ne, kuma bai jima da cikawa ba, ya kai har wajen asuba da ransa.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta fi yi wa Asiya ciwo. Da an ce tun farko ya faɗa rami, da ta yi kuka ta haƙura. Amma ya kwana yana jira, ita ma ta kwana tana jira, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai daga Mansur zuwa Harami ba. Ta durƙusa ta kama ƙafarsa wadda ba silifa. Ciyawa ta manne a tsakanin yatsun. Ta cire ta ɗaya-ɗaya, tana cewa, "Sannu, Baba. Sannu." Shatu ta tsaya a bayanta.

An kawo shi Makka bayan an gama takardu. Aka yi masa salla a Harami bayan la'asar, maza suka wuce da shi maƙabartar Shara'i. Asiya ta koma ɗakuna biyun nan. Tabarmarsa tana bakin ƙofa, yaran layi suna zagaye ta in za su wuce.

Abdulwasi'u yana tsare a Abha. Kwanaki bayan zaman makoki, dattawan unguwa suka zo wurin Asiya, liman a gaba. Suka yi ta'aziyya, sannan liman ya ce sun zo neman alfarma. Mutumin nan yana da mata da yara ƙanana. Tsoro ne ya kama shi, kuma kowa a unguwar nan ya san irin wannan tsoron. In an tambaye ta a gaban alƙali, ko za ta sassauta, ta ce ruɗewa aka yi, ba a san wanda ya ce me ba.

Asiya tana bayan labule. Ta ce, "Malam, tsoron na san shi. A cikinsa aka haife ni. Haƙƙina na jini na bar wa Allah, ba na son ko sisinsa, ku gaya wa matarsa haka. Amma kun zo ne in yi ƙarya don in ceci wanda ya yi ƙarya. Na ce ya rantse, ya rantse. Abin da zan faɗa ke nan."

"'Yata, a duba yaran."

"Da ya ce mini yana tsoro, da ni na hau na kira, in ce mu kaɗai muka zo. Da ya gudu ma ya bar mu, da Mika'ilu ya je ƙauyen tun magariba. Bai gudu ba, ya zauna a bakin ƙofa ya tsare mu."

Liman ya ɗaga hannu. Suka yi addu'a suka sauka.

A gaban alƙali ta faɗi abin da ta ji, Mika'ilu ya faɗi nasa, yana kuka kamar shi ne mai laifin. Aka duba wayar Abdulwasi'u, ba a ga kiran kowa ba a yammacin nan. Bai musa ba.

An yanke masa ɗaurin shekara biyu. Da ya gama aka soke iƙamarsa, aka sa shi a jirgi zuwa Njamena, ƙasar da ke kan fasfonsa, wadda bai taɓa gani ba domin a Makka aka haife shi, aka kuma hana shi dawowa.